Duna, Karen da Ya Bar Aiki

A ƙasar Ingila akwai wani wasa wanda mutanenmu da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba, watau tseren karnuka. Yadda mu ke tara dawaki a fage a yi sukuwa, haka su ke kawo karnuka shida, a sa kowanne cikin akwatinsa, a jera akwatunan a bakin fage. Sa'an nan a saki wani abu da su ke kira zomo, alhali kuwa tsumma ne mai launi wanda inji ke ja bisa wani siririn dogo a gefen fagen. Da ya gifta gaban akwatunan sai ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, karnuka su fito kamar an harba kibau. Kowane kare da 'yar rigarsa: ta na ɗaya ja, ta na biyu shuɗiya, ta na uku fara, ta na huɗu baƙa, ta na biyar ruwan goro, ta na shida mai ratsin fari da baƙi. Fagen kewayayye ne, tsawon tseren ya kan kai kamar yadi 500, kuma cikin rabin minti an gama. Mutane na tsaye suna ihu suna zuba kuɗi, gama caca ce ke riƙe da wasan tun farkonsa. Zomon kuwa ba a kama shi. Mu kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, waɗannan gudun kaɗai su ke ci.

Wani Ba'amurke ne mai suna Owen Patrick Smith ya ƙago zomon injin nan, aka buɗe fage na farko a Kalifoniya cikin 1919. Wasan ya iso Ingila ran 24 ga Yuli 1926, a wani fili da a ke kira Belle Vue, cikin birnin Mancesta inda na ke zaune. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bunƙasa ƙwarai, miliyoyin leburori da ma'aikatan masaƙa su kan je kallo da dare in an tashi aiki. Daga baya kasuwar ta yi ta ja da baya. Aka rufe babban filin White City na Landan cikin 1984, aka rufe na Wimbledon cikin 2017, shi kansa Belle Vue aka rufe shi cikin 2020, aka rushe don a gina gidaje. Filayen da suka rage a ƙasar ba su wuce 20 ba.

Irin karen da a ke tseren da shi Turawa na ce masa girehawun. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, ya ga mai kama da shi: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, kai siriri, wutsiya kamar bulala. Sai dai na Turawa ya fi jiki, namiji ya kan kai kilo 30 ko 35. Gudunsa ya kan haura mil 40 a awa, kuma da ido ya ke bin abin farauta. Ana fara tsere da shi tun bai cika shekara 2 ba, a sallame shi yana ɗan shekara 4 ko 5, wani ma tun kafin haka in ya ji rauni. Ga shi kuwa ya kan rayu shekara 12 ko fiye. Ashe ke nan kowace shekara dubban karnuka na barin aiki da sauran fiye da rabin ransu a gaba. Dā can da yawansu ɓacewa su ke yi ba labari. Cikin 2006 jaridar Sunday Times ta tona asirin wani mutum a garin Seaham wanda a ke kai wa karnukan da suka gaji, yana kashewa yana binnewa a filinsa, abin ya ta da hankalin ƙasa. Akwai kuma masu tausayi, gama tun 1975 aka kafa ƙungiyar da yanzu a ke kira Greyhound Trust don nema wa irin waɗannan karnuka gidaje, ban da ƙananan ƙungiyoyi barkatai masu wannan aiki.

Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa Bahaushe, Musulmi, dattijo, da karen caca? Tambaya ce mai kyau, ni ma an yi mini ita fiye da sau goma.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne a ƙasar Daura, da rani kuma ya kan bi 'yan farauta. Yana da wani jan kare wanda ya daɗe yana kawo mana zomo da kurege. Sa'ad da karen ya tsufa, haƙoransa suka zube, abokan farauta suka ce masa karen bana shi ke maganin zomon bana, ya yar da wannan ya nemi wani. Ya nemi wani ɗin, amma bai yar da tsohon ba. Ya bar shi kwance gindin rumbu, ana jiƙa masa ɗumame da ruwa har ran da ya mutu. Iyakar abin da na ji ya ce shi ne, wanda ka ci naman gudunsa ba ka korarsa don ya daina gudu. Ina yaro a lokacin, maganar ta zauna mini.

Ni kuma na yi shekara 31 ina tuƙa bas a Mancesta, na bar aiki cikin 2021. Likita ya ce ina da ciwon sukari, tilas in riƙa tafiya da ƙafa safe da yamma. Amma tafiyar da ba ta da dalili ba ta daɗewa a ƙasar da ruwa ke zuba kwana biyar cikin bakwai. 'Yata kuwa ta kan je ran Lahadi wani gidan karnuka a bayan gari, tana taimaka musu da fita da karnukan yawo. Wata rana ta ce, "Baba, zo ka raka ni, ko ba kome ka sha iska." Na bi ta. Karnuka sun kai talatin a wurin, amma shiru kamar babu kowa, gama irinsu ba su cika haushi ba. Aka miƙo mini igiyar wani baƙi wuluk, aka ce watansa tara yana jira, don masu zuwa sun fi son masu launi, baƙaƙe su ne a ke bari baya. Muka kewaya gona muka dawo. Da na tsaya sai ya matso ya jingina jikinsa duka da ƙafata, ya tsaya cik, bai dube ni ba. Na yi Lahadi shida ina komawa kafin in buɗe baki a gida.

Da na faɗa wa uwargida sai ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, kare? A gidan nan da mu ke salla?" Ban ja da ita ba, gama tana da gaskiyarta. Na tafi wurin malaminmu na masallaci na kwashe labari na gaya masa. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda mu ke bi a ƙasar Hausa, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, ko da ya ke ƙwaryar da ya sa baki a ciki ana wanke ta sau bakwai. Ya ce amma akwai hadisai masu gargaɗi a kan ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, kuma kada in ruɗi kaina, wannan nawa ba ko ɗaya daga cikinsu. Ya kuma tuna mini da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce in na ɗauko shi don jinƙai da neman lafiyata, to, in ware masa wurinsa dabam, kada ya shiga inda a ke salla da kwana. Akwai abokaina a masallacin nan waɗanda har yau ba su gamsu ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Uwargida ta gindaya sharuɗɗanta. Ba zai shiga madafa ba, ba zai shiga falo ba, balle ya hau bene. Wurinsa shi ne wani ɗan ɗaki da ke manne da bayan gida, mai ƙofar gilashi da ke fita lambu, inda mu ke ajiye injin wanki. Kwanoninsa nasa ne, a waje za a wanke su. Kuma riƙo ne na wata uku. In ya hana ta barci ko ya ɓata mata gida, ya koma inda ya fito. Masu gidan karnukan suka yarda da riƙon, suka aiko wata mata ta duba katangar lambunmu ko ta kai ƙafa 6, ta leƙa ɗakin ta ce sai an sa abin ɗumama shi. Cikin watan Oktoba na 2022 muka ɗauko shi. Na raɗa masa suna Duna saboda baƙinsa. Uwargida kuwa ta ce ita ɗan fansho za ta riƙa ce masa, tun da yanzu an sami biyu a gida.

A cikin kunnuwansa duka biyu akwai haruffa da aka zana da tawada tun yana ɗan kwikwiyo. Wanda aka haifa a Ingila kunnen dama kaɗai a ke zana wa, wanda aka haifa a Ailan kuwa duka biyu, kuma yawancin karnukan da ke tsere a Ingila daga Ailan a ke kawo su. Da haruffan nan 'yata ta binciko tarihinsa a intanet. An haife shi cikin 2018, ya shiga tsere sau 64, ya zo na ɗaya sau 11. A tserensa na ƙarshe ƙashi ya tsage a ƙafarsa ta baya ta dama. Wannan rauni sananne ne gare su, don kullum ta hagu su ke kewaya fage, in sun zo kwana da wannan gudu nauyi ya kan faɗa wa ƙafar da ke waje. Mai shi ya biya aka yi masa aiki maimakon a kashe shi, wannan kuwa ina ganin girmansa a kai, ko da ban san shi ba.

To, ga abin da ya ba ni mamaki, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Karen nan da ya yi gudu gaban ɗaruruwan mutane cikin fitilu da hayaniya, ya shiga mota ya keta ƙasa, ya haye teku, da muka shigar da shi ɗan ɗakin nan sai ya tsaya tsakiya yana haki, ƙafafu na rawa, har awa uku bai kwanta ba. Bai san gida ba. Tun da aka haife shi duniyarsa ita ce ɗakin karnuka, da mota, da fage. Ƙofar gilashi bai san ta ba, ya nufi lambu kai tsaye ya buga hanci, sai da muka manna takardu a jikinta daidai idonsa. Daɓe mai santsi ya sa ƙafafunsa suka baje kamar na ɗan maraƙi ran haihuwa, sai da muka shimfiɗa tsohuwar darduma. Matakala uku ce kawai tsakanin ƙofa da lambu, amma ya tsaya bisanta yana kallo kamar an kai shi bakin rijiya. Kwana huɗu ina ɗaga ƙafarsa da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina ɗorawa, ina tallafe ƙirjinsa, kafin ya gane. Ran na biyar ya tsallake ukun gaba ɗaya, kuma har yau haka ya fi so.

Ko cewa ana kiran kare da suna ya zo, wannan ma baƙon abu ne gare shi, gama a inda ya fito in ana sonsa zuwa a ke a sa masa igiya. Haka kuma duk abincin da ya taɓa gani kusa da bakinsa nasa ne, ba a taɓa ajiye masa wani abu a ce kada ya taɓa ba. Ran kwana na tara uwargida ta soya naman rago ta ɗora faranti bisa injin wanki don ya sha iska, ta koma ɗauko murfi. Tsawon Duna kuwa ya kai ya ɗora haɓa bisa injin ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ta dawo ta tarar da faranti tas, shi kuwa yana tsaye yana kallonta da idon da babu ko alamar laifi a ciki. A ran nan na zaci riƙo ya ƙare. Ba ta ce kome ba sai, "Malam, saura wata biyu da kwana ashirin da ɗaya."

Amma babbar wahala dare ne. A gidajen tsere na Ingila bibbiyu a kan ajiye su, ga wasu kuma dama da hagu suna numfashi suna motsi. Duna bai taɓa kwana shi kaɗai ba tun da ya zo duniya. Da na kashe fitila na hau bene sai ya fara wani siririn kuka mai ratsa bango, ya yi shiru, ya sake. Turawa masu irin karnukan nan shawararsu ɗaya ce, a bar shi ya kwana a ɗakin mai shi. Wannan ƙofa kuwa a rufe ta ke a gidanmu. Saboda haka ni na sauko. Na kawo kujera da bargo na zauna a ɗakinsa, ban taɓa shi ba, ban yi masa magana ba, ina jan carbina har ya kwanta. Dare uku a nan na kwana. Daga nan na matsar da kujera bakin ƙofa, bayan kwana biyu na fitar da ita waje na bar ƙofa a buɗe, sa'an nan na rufe ƙofar ina zaune bayanta inda zai ji tarina. Na bar masa tsohuwar rigar sanyina a shimfiɗarsa, na kuma bar rediyo na magana ƙasa-ƙasa, don an gaya mini a gidan karnukan rediyo ba ya mutuwa. Sai da muka yi kwana 19 kafin in kwana a gadona daga farkon dare har asuba.

Abin da ya fi kome taimako kuwa wata 'yar takarda ce da na roƙa a gidan karnukan, wadda aka rubuta lokutansu a ciki: ƙarfe 7 a buɗe su su fita bawali, ƙarfe 8 abinci, yawo da hantsi, abinci na biyu ƙarfe 4, fita ta ƙarshe da dare. Na manna ta a bango na bi ta kamar yadda na ke bin takardar lokutan bas. Na so in ɗaura al'amarinsa da lokutan salla, amma a Ingila asuba ta kan faɗo wajen ƙarfe 3 da bazara, ta kai bayan ƙarfe 6 da hunturu, don haka agogo muka bi. Na lura duk abin da ke sabo yana firgita shi, amma in lokaci ya zo daidai yadda ya saba sai jikinsa ya saki. Bai taɓa ɓata ɗakinsa ba ko sau ɗaya, don tun can ya saba ba a yi a wurin kwana, muddin an buɗe masa a kan kari. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mai da agogon ƙasa baya da awa ɗaya, kamar yadda a ke yi kowace shekara. Gwamnati ta sanar da kowa ban da Duna. Ƙarfe 6 daidai ya tsaya bakin ƙofa yana kira. Sai da na riƙa jan lokacinsa da minti goma kowace rana har muka daidaita da sauran jama'a.

Ran 5 ga Nuwamba Turawa na wasan wuta, don tunawa da makircin da aka shirya na tarwatsa majalisarsu da albarushi cikin 1605. Tun magariba gari ya ɗauki ƙara kamar ana yaƙi. Duna ya cusa kansa tsakanin injin wanki da bango yana karkarwa, yawu na zuba. Ina zaune kusa da shi sai na ji motsi. Uwargida ce, ta zo da babban bargo da ƙusoshi, ta rataya shi a ƙofar gilashin don ta tare walƙiyar, ta ƙara murya a rediyo, ta koma abinta. Wannan ne karo na farko da ta shiga ɗakin yana ciki tun ran nama.

A wajen yawo kuma yana da wata ɗabi'a. Muna cikin tafiya sai ya kafe wuri ɗaya kamar an dasa turke, ko don ya ga babbar mota, ko yaro bisa keke, ko abin da ni ban gani ba. Ja ba ya amfani, ƙara kafewa ya ke. Sai in tsaya gefensa, kafaɗarsa na taɓa cinyata, in jira. Wani lokaci in juya da shi mu yi ɗan kewaye mu sake fuskantar hanya. Mun taɓa yin minti ashirin a bakin wata mararraba cikin yayyafi, masu wucewa na kallonmu. Sauran karnuka ma sun ruɗa shi, don bai taɓa ganin kare in ba irinsa ba. Ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu in ya ruga a guje, a idon Duna zomo ne. Saboda haka da takunkumi ya ke fita, wani mara nauyi na roba wanda ya saba da shi tun yana aiki, yana iya haki da shan ruwa da shi. Abin wuyansa mai faɗi ne na musamman, gama kansa ya fi wuyansa siranta, na sauran karnuka zamewa ya ke. Igiya kuwa ba na sakinta a titi ko a lambun gari daɗai. Maƙwabciyarmu na da kyanwa. Na je na gaya mata gaskiya tun ran farko, muka shirya in zan buɗe masa lambu in fara leƙawa in tafa hannu. An haifi karen nan don ya bi abin da ke gudu, an kuma yi shekaru ana yaba masa a kan haka, ba na sa ran wata uku ko shekara uku su kankare shi.

Jikokina na kafa musu doka guda: in yana barci kada a taɓa shi sai an kira sunansa ya ɗaga kai. Ya kan yi barci ido rabi a buɗe, kuma bai saba a taɓa shi cikin barci ba, in an yi ya kan zabura da gurnani kafin ya san wanda ke gabansa. Barcin kuwa ba kaɗan ba ne, ya kan kai awa 16 ko 18 a yini da dare. Mutane na zaton karen tsere sai mai ƙarfin gudu ya iya da shi, alhali yawon rabin awa sau biyu ya ishe shi, daidai abin da likita ya yanka mini. Fatarsa sirirya ce, ƙaya kaɗan ta tsaga ta, ba shi da kitse ba shi da gashin kirki, don haka tilas a sa masa riga da hunturu, a kuma yi masa shimfiɗa mai taushi don kada ƙasusuwa su ci fata. Haƙoransu ba su da kyau yawanci. Likitan dabbobi ya cire masa guda biyar, kuɗin da na biya kuwa sai da na zauna. Shi ne ya gaya mini jinin irinsu ya fi na sauran karnuka kauri, har a kan nemi su ba da jini don a ceci wasu.

'Yan'uwanmu in sun zo gaisuwa suka hango haƙarƙarinsa su kan ce, "Alhaji, ba ka ba shi abinci ne?" Tsofaffin Turawan unguwa kuwa da gani sun san ko wane ne. Wani dattijo ya tare mu ya shafa kunnensa ya duba haruffan, ya ce ubansa ya kan kai shi Belle Vue yana yaro, ya ba ni labarin wani shahararren kare mai suna Mick the Miller wanda ya ci babban tseren Ingila cikin 1929 da 1930, wanda gawarsa ke ajiye a gidan tarihi na garin Tring. Ya yi ta juyayin mutuwar wasan. Ni ban taya shi ba. Caca ba hanyata ba ce, kuma na ga tabon da ke ƙafar Duna. Mutanen jihar Fulorida ta Amurka sun jefa ƙuri'ar hana tseren cikin 2018, gwamnatin Niyu Zilan ma ta ba da sanarwar hana shi cikin Disamba 2024. Abin da ke damuna kaɗai shi ne, duk ran da aka rufe fage karnukansa na buƙatar gidaje a lokaci ɗaya, kuma kowannensu sai an sami mai zama da shi dare goma sha tara.

Cikin mako na bakwai, wata safiya ina alwala, sai na ji uwargida ta ƙwala kira, "Malam, fito, ɗan fanshonka ya mutu!" Na fito a guje. Ga Duna kwance rigingine, ƙafafu huɗu a sama kamar mataccen kyankyaso, baki a buɗe, harshe ya zubo gefe. Na kira sunansa, sai wutsiya ta buga ƙasa sau biyu. Da na buga waya gidan karnukan na kwatanta musu, matar ta yi dariya ta ce in yi murna, irinsu ba sa kwanciya haka su bar ciki a buɗe sai inda suka amince.

A bayan gari akwai manoma masu ba da hayar fili mai shinge, awa guda, don a saki kare. Cikin Disamba, bayan likita ya duba ƙafar ya ce ta warke, muka kai shi ni da 'yata, na rufe ƙofa na kwance igiya. Ya tsaya yana dubana kamar bai gane ba. Can sai ya zabura. Jama'a, na ga sukuwar dawaki a Daura da Katsina, amma ban taɓa ganin abu mai rai ya tashi daga tsaye zuwa irin wannan gudu ba. Bayansa na lanƙwashewa yana miƙewa, ƙafafun baya na wuce na gaba, ƙasa na amsawa kamar ganga. Babu zomo, babu dogo, babu mai ihu, amma ta hagu ya kewaya filin, sau biyu, daidai yadda aka koya masa. Duka bai kai minti ɗaya ba. Ya dawo ya jingina da ƙafata yana haki, sauran awar da na biya kuwa shinshina ciyawa ya yi da ita.

Wata uku suka cika cikin Janairu 2023. Masu gidan karnukan suka aiko da takardar da zan sa hannu in zai zauna, wadda a ciki na yi alkawarin ba zan sayar da shi ko in ba wani ba, in na kasa in mai da musu. Na kai wa uwargida takardar na ce yau ranar hukunci. Na same ta a kan keken ɗinki, tana yanka bargon nan da ta rataya a ƙofa. Ta ce rigar da aka ba shi ba ta rufe masa ciki, shi ya sa ya ke tari da safe. Na ce, "To, takardar fa?" Ta ce, "Malam, ka taɓa ganin na yi ɗinki don a kai gidan wani?"

Yanzu ya haura shekara 7, bakinsa ya yi furfura. Iyakarsa har yau ita ce ƙofar madafa, ya kan kwanta ya ɗora haɓa daidai bakin dokin ƙofar yana kallon mai girki, ba ya ƙetarewa. Gadi kam ba ya yi. Mai gyaran famfo ya taɓa shiga ɗakinsa ya yi aikin awa biyu ya fita, Duna bai ko ɗaga kai ba. Da sanyi ƙafar nan ta dama ta kan riƙe masa in ya tashi, saboda haka na sa kafinta ya kwanta masa katako bisa matakalar nan uku, amma in ba ina tsaye ina kallo ba, tsallakewa ya ke yi.